Takardun da Aka Shanya

Kiyashi sun sake yin baƙi ƙirin a bayan ɗaki, daidai inda Namadi ya tsuguna fitsari da safe. Atika ta tsaya da tsintsiya a hannu tana kallonsu. Ta gaji da shara, ta gaji da cika wa mijinta randa yana shanyewa kamar wanda ya wuni a gona, ga gyambon ƙafarsa ya ƙi rufewa tun kaka.

"Maigida, ciwon suga ne wanga. Mu koma a sake dubawa."

"Ke da kiyashinki!" in ji Namadi, yana tsiyaya zuma a fura. "Takardar gwamnati ta ce ba ni da komi. Ke kin fi ta sani?"

Ita ma da farko ta yarda da takardar. Shekarar da aka buɗe ɗakin shan magani a ƙauyensu, gab da Illo, ana ta ɗokin mulkin kai, Malam Lauwali malamin asibiti ya ɗaga wata kwalba mai 'yan siraran takardu ya nuna wa jama'a. Ya ce an liƙa wani sinadari a bakin kowace ɗaya, da ya ji suga a fitsari sai ya rikiɗe shuɗi. Sau ɗaya yake aiki, in ji shi, kuma rana da danshi kashe shi suke. Ranar har da tafi.

* * *

Da ƙyar ta ja Namadi suka koma. Lauwali ya tsoma takarda, ya ɗaga, tana nan fari fat.

"Lahiya lau kake, Namadi. Gajiyar hanya ta."

Namadi ya washe baki. Dama su biyun ba baƙin juna ba ne: duk ranar kasuwa jakunan Namadi ke tsallaka wa Lauwali kwalaye zuwa Dahomey, shi kuwa bai taɓa tambayar abin da ke ciki ba. Mutum ne mai riƙe amana, ko da ta ɓarawo ce.

Atika ta zagaya baya ta ɗauraye kwanon da suka kawo fitsarin. A can ta ga faifai kan danga, an shanya takardun a rana kamar yankakkiyar kuɓewa, wasu ma ruwan wanki bai gama bushe musu ba. Ashe matattu ake wankewa a tsoma wa mutane, masu ran suna kan jakunan mijinta.

A hanya ta gaya masa. Suka wuce rijiya yana jan ƙafa.

"In na yi magana, wa za ya ba ni kaya?" in ji shi. "Bari dai in kai na gobe."

* * *

Namadi bai ga damina ba. Lauwali ya zo gaisuwa da goro, ya ce ciwon ya zo da gaggawa, domin ko kwanan baya ya duba shi da hannunsa. Atika ta ce, "Mun gode, Malam." Ba ta da ƙarfin abin da ya wuce haka.

Da mutane suka watse ta ɗauki tsintsiya ta zagaya bayan ɗaki. Wurin ya bushe ƙayau. Kiyashi kaɗan na ta kai da komo a ƙasa, ba su sami komai ba.