Ƙotar Wuƙar Khem

Tun safe na kasa zama wuri ɗaya. In hura wuta, in bar ta ta mutu, in leƙa hanya, in dawo. Duk a kan khukurin da Jamuna ta kawo mini maƙera jiya da yamma, tana ɗingishi.

Wuƙar mijinta ce, Khem Rai. Ni na ƙera masa ita, na yi ƙotar daidai tafinsa, shi kuwa hannu gare shi kamar faranti. Ya tafi Malesiya neman aiki. Da fari yana kira, daga baya shiru kake ji, har yau. Ya bar Jamuna da uwarsa Phulmati da ɓauna biyu masu ci kamar gara. Jamuna ce ke hawa bishiya cikin ruwan damina tana saro musu ganye, da ƙotar da yatsunta ba sa zagayewa. Shekaranjiya wuƙar ta suɓuce, ta tsaga mata ƙauri.

"Kawu Tek, ka rage mini ita," in ji ta, "kafin ta raba ni da ƙafar gaba ɗaya."

"Surukarki ta sani?"

"Da ta sani zan ɓoyo ta a kwandon ciyawa?"

Aikin kansa ba komai ba ne. A sassaƙe kaurin, a fitar da sabon zobe inda zai zauna tsakanin yatsunta, a tsattsaga layuka don kada gumi ya sa santsi. Amma wa bai san Phulmati da wuƙar nan ba? Kowane bikin Dashain sai ta shafe ta da mai, ta ɗora mata fure, ta ce Khem na nan tafe. Da sabuwar wuƙa zan ƙera in huta, to zaftarewar ƙasa ta toshe hanyar Bhojpur, ko guntun ƙarfe ba ni da shi. Ƙotar kuma ƙaro ya riƙe ta gam, ba ta fita sai an fasa. Gaba kura, baya sayaki.

Na ɗauki magagari ke nan na ajiye, sai ga tsohuwar ta gangaro da sanda, Jamuna na jan ƙafa a bayanta.

"Kai Tek, tsohon banza! Ashe da kai ake haɗa baki?"

"Haba Inna, ko taɓa ta ban yi ba."

"Ka taɓa mana, ka ga yadda ake aske gemu babu ruwa!" Ta fizge wuƙar ta rungume. "Ranar da ya dawo ya kama, ya ji ba tasa ba ce, me zan ce masa? In ce mun gaji da jira?"

 Tausayinta ya kama ni, haushinta ma haka.

Jamuna ba ta ɗaga murya ba. "Inna, ni ban gaji ba. Amma gobe ma sai na hau bishiyar nan. In na faɗo, wa zai jira shi tare da ke?"

Tsohuwar ta dubi tsumman da ke ɗaure a ƙaurin, jini ya sake ɓullowa ta ciki. Ta kamo hannun Jamuna da ƙarfi ta ɗora a kan ƙotar, ta matse mata yatsu. Ba su haɗu ba. Ta ƙara matsewa har yarinyar ta ce wash, duk da haka da saura. A gefe ga gurbin babban yatsan Khem nan, ya yi baƙi da gumi.

Ta daɗe tana shafa wurin. Ni kuwa sai juya gawayi nake, alhali wutar ta mutu tuni.

"Ungo," ta ce. "Yi mata daidai hannunta. Kada ka yi aikin ha'inci irin naka."

Na kafa magagari, na fara. Ɓarɓashin itacen na zuba, na sa ƙafa zan ture shi gefe yadda na saba, sai sanda ta sauka mini a idon sawu.

Phulmati ta durƙusa da ƙyar, ta shimfiɗa bakin zanenta a ƙarƙashin hannuna.

"Ci gaba," ta ce. "Wannan nawa ne."