Ranar da Safiyatu Ta Kira Sunan Ɗanta

Shekara ashirin da tara Safiyatu ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba. Kunya ce irin ta matan cikin birni, ita kuma tata har ta yi yawa. "Wancan" take cewa, in ranta ya yi fari ta ce "sojan nan". Ko ranar da zai tafi fagen daga, da ya durƙusa yana yi mata sallama, kanta a sunkuye ta ce Allah ya tsare, ta ci gaba da tankaɗenta.

To, Muhsin bai dawo ba. An ce sau uku yana komawa cikin ruwan harsashi yana ɗauko abokansa da aka harba, a na huɗun ya kwanta can. Sojoji suka binne shi inda suke binne nasu, ko gawarsa ba ta gani ba.

Bayan wata takwas wani kanar ya zo da lambar jarumta. Motarsa ta kasa shiga lungunsu na Ƙofar Kuyambana, ya tako da ƙafa, takalmi duk ruwan kwata. Aka yi masa iso har tsakar gida, ya ƙame ya sara wa Safiyatu. Ya ce mai lambar nan ko janar ya gan shi sai ya fara sara masa, kuma a al'adarsu ba a miƙa ta sai magajin da mamacin ya rubuta ya faɗi sunansa da bakinsa, jama'a na ji.

Mijinta Malam Mika'ilu ya yi gyaran murya. "Yallaɓai, ɗan fari ne. Bari ni in faɗa."

"Ka yi haƙuri, Baba," in ji kanar. "Sunan Mama ya rubuta, ita kaɗai."

Kai, wannan yaro! Ga uba, ga mata, amma ya rasa wanda zai rubuta sai wadda ba ta taɓa haɗa ido da shi ba.

Safiyatu ta ji haushin sojoji, haushin kanta kuwa ya fi. Autarta Raihana ta raɗa mata, "Inna, ko a bar musu lambar?"

Ta girgiza kai. Sannan ta buɗe baki ta faɗa.

"Muhsin."

Ashe sunan ba shi da nauyi ko kaɗan! Baƙin ciki ya turnuƙe ta, ta juya wajen zaure ta ɗaga murya kamar mai kiran yaro cin tuwo. "Muhsin! Muhsinu!"

Kanar ya miƙo lambar da hannu biyu. Ba ta ko gan shi ba, jira take a amsa.