Ɗinkin Bahago

"Matso da shi bakin ƙofa, nan babu haske," in ji Kawu Usuman.

Ɗan'azumi ya matsa, ya miƙa masa bajon. Ɗan guntun fata ne kewayayye, bai fi tafin hannu ba, irin wanda matuƙan jirgin yaƙi ke ɗinkawa a ƙirjin riga don a san rundunarsu. A tsakiyarsa an yanka jimina da farar fata, an ƙwama mata tabarau, an zaunar da ita a kan jar fatar da tsufa ya mayar ruwan ƙasa.

"Ka ga aikin Turawa ko, Kawu?" in ji Ɗan'azumi yana dariya. "Duk tsuntsayen Allah su rasa wanda za su ɗauka sai wadda ba ta tashi."

Kawu bai taya shi dariyar ba.

Sun daɗe a gida ɗaya a unguwar Nuzla ta Jidda, ƙofa na kallon ƙofa. Ɗan'azumi direba ne, yana tuƙa wani Bature injiniyan jirage, kuma ta bakinsa Turawan filin jirgi suka ji labarin tsohon baduku da ke lungu, wanda in ka ba shi bajon zamanin yaƙin duniya zai fitar maka da irinsa sak, har da tsagewar tsufa. Sai mai abu ya adana na asali a akwati, ya ɗinka na Kawu a riga. Damisa ta bi ta hannun nan, gaggafa ta bi, har da ƙwarangwal mai hula.

Kawu ya juya bajon, ya bi ɗinkin gefe da farce.

"Na wane ne?"

"Na uban Baturena ne. Wai ya yi tuƙin jirgi a Afirka lokacin yaƙi. Ƙarshen wata zai koma ƙasarsu gaba ɗaya, halas, ya gama da nan, shi ya sa yake gaggawa."

"A Fashir aka yi shi," in ji Kawu. "Dubi kwanciyar zaren. Na kowane baduku dama yake kwantawa, wannan hagu ya yi. Ɗinkin bahago ne, Ɗan'azumi. Hannun babana ne."

Ɗan'azumi ya nemi wuri ya zauna ba tare da an ce masa zauna ba.

A hankali labarin ya fito, Kawu yana yi yana tsayawa neman numfashi, don ciwon zuciya ya riga ya kumbura masa ƙafafu. Daga Kano suka taso a ƙasa za su Makka, shi da mahaifinsa Na'ibi. Guzuri ya yanke a Fashir ta ƙasar Sudan, daidai lokacin da jiragen yaƙi ke sauka can shan mai, sai Na'ibi ya shimfiɗa buzunsa yana yi wa matuƙa bajo. Da suka ci gaba da tafiya, Na'ibi bai kai bakin teku ba. A gefen hanya aka binne shi, aka jera duwatsu, ayari ya wuce.

"Ko basillarsa ban riƙe ba," in ji Kawu. "Sama da shekara hamsin ban ga abin da hannunsa ya taɓa ba."

Tausayi ya kama Ɗan'azumi, shi kuwa mutum ne da in tausayi ya kama shi sai dabara ta zo masa. Ya rage murya.

"To ai abin mai sauƙi ne, Kawu. Ka yi irinsa, mu ba shi naka, ka riƙe na Baba. Wallahi ba zai gane ba. Wa ya taɓa ganewa?"

Kawu ya dube shi ta saman tabarau, irin kallon da ake yi wa yaron da ya taka tabarmar salla da takalmi.

"Amana aka ba ka, ka ba ni. Saura kaɗan in je in tarar da babana. So kake in isa da kayan mutane a hannu?"

Washegari da Ɗan'azumi ya leƙa kafin ya fita aiki, ya ga abin da ya ɗaure masa kai. Kawu ya riƙe basilla a hannun hagu, yana huda fata kamar sabon shiga, yatsunsa duk jini.

"Kawu, me ya sami na daman?"

"Lafiyarsa lau. Amma in na yi da shi, ko da zaren ya kwanta daidai, jansa ba zai zo ɗaya da na Baba ba." Ya tsotse yatsa. "Ni ma bahago aka haife ni. Baba ne ya raba ni da hannun nan, da bulala, don kada a yi mini gorin da aka yi masa."

Sauda, matar Ɗan'azumi, ta yi faɗa har ta gaji. Likita ya ce kwanciya, shi kuwa tsoho ya ce zama. Ya farke tsohuwar jakarsa ya ciri jar fata, don ya ce sabuwa ba ta iya ƙaryar shekaru. Ya lalata jimina ta fari, ya lalata ta biyu. Sai wata ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, Ɗan'azumi ya tsaya a bakin ƙofar ya kasa shiga. Hannun hagun ya farka. Basilla na shiga tana fita, zare na bi, babu tsayawa babu laluben rami, idon Kawu ma a lumshe yake. Ɗan'azumi ya rantse a ransa ba maƙwabcinsa kaɗai ke zaune a kan buzun nan ba, ya yi ta maimaita subhanallahi a ɓoye har aka kai ƙarshen da'ira.

Daga nan sai aikin tsufar da fata: a shafa man shanu, a murza da toka, Sauda ta hau da shi saman soro ya sha ranar Jidda, a sauko da shi a sake. Har ramukan da aka taɓa ɗinka na asalin a jikin riga Kawu ya huda.

Sauda ce ta same shi, da hantsi, ta kai masa kunu. Yana jingine da bango, kansa ya ɗan karkata, fuskarsa sumul kamar mai sauraron wani abu mai daɗi. A kan katakon aikinsa jimina biyu na zaune gefe da gefe.

Aka yi masa wanka, aka sallace shi bayan azahar, aka kai shi. Sai da Ɗan'azumi ya dawo, ya shiga ɗakin don ya ɗauki amanar mutane, sannan ya ga bai san wanne ne na asalin ba. Ya ɗaga wannan, ya ɗaga wancan. Ya juya su, ya shinshina, ya kai su bakin ƙofa.

"Sauda! Wanne kike kaiwa soro?"

Ta zo ta duba, ta daɗe tana dubawa, sai hawaye. "Wallahi ban sani ba, Baban Rahamatu."

Shi da ya ce a yi musanya, yau shi ne ke tsoron kada musanyar ta auku a hannunsa, ya ɗora wa mamaci abin da ya ƙi da ransa. Ya kasa cin abinci. Da safe ya naɗe su biyun a ƙyalle ya tafi gidan Baturen, ya shimfiɗa su a kan tebur, ya faɗi gaskiya da guntun Larabcin da suke fahimtar juna da shi: tafiyar ƙasa, Fashir, kabarin gefen hanya, hannun hagu.

Baturen ya sa tabarau. Ya ce tun yana yaro yake wasa da bajon nan a kan cinyar mahaifinsa, ko a duhu zai gane shi. Ya ɗauki ɗaya, ya ajiye, ya ɗauki ɗayan. Can sai ya cire tabarau ɗin ya share ido da bayan hannu. Bai sake dubawa ba, ya tura ɗaya gaban Ɗan'azumi.

"In na mahaifinka ne fa, ya sheikh?" in ji Ɗan'azumi.

"To ya koma wurin mutanen da suka yi shi," in ji Baturen. "Yalla, ɗauka."

Bayan la'asar an shimfiɗa dardumai a lungu don zaman makoki, ana zagayawa da gahawa da dabino. Ɗan'azumi ya kwance ƙyallen, bajon ya fara bin hannun dattawa, kowa ya karɓa ya juya shi ya miƙa gaba. Da ya isa wurin Malam Abdulghani, wani tsoho cikin Hausawan Sudan da ya san Kawu tun suna samari, sai ya ɗago kai.

"Na uban ne, ko na ɗan?"

"Allah kaɗai ya sani, Baba," in ji Ɗan'azumi.

Tsohon ya gyaɗa kai. Ya ajiye finjalin gahawarsa a kan darduma, ya kwantar da jiminar a tafin hannunsa, ya shiga bin zaren da babban yatsa, ɗinki bayan ɗinki, gahawarsa na hucewa a gefe.