Maganin da Ba Ya Bin Agogo

Shekara talatin da ɗaya ina gyaran agogo, kuma ban taɓa makara ba, ko ranar aurena ni na riga kowa zuwa. Ba cika baki nake yi ba. So nake ku gane yadda mutum zai iya cutar da wanda yake ƙauna da abin da ya fi ƙwarewa a kai.

Uwargida ita ce mai girki a wani ɗan gidan abinci da ke ƙarshen layinmu, tebur shida da manyan tukwane huɗu. Bara ta kwanta asibiti sati uku. Likita ya ce akwai wani ɗan nama a bayan tumbi, su suna kiransa pankiriyas, shi ke tsirto ruwan da ke narkar da abinci, musamman mai. Nata ya gaji, ya kusa daina aiki. Ya rubuta mata wasu ƙwayoyi masu kwanso da za su riƙa yin aikin a madadinsa. A jikin kwalbar an rubuta: biyu, sau uku a rana, tare da abinci.

Na ce to, wannan ai aikina ne. Na saita agogo uku a shagona, na bakwai na safe, na ɗaya, na bakwai na yamma. Da na ƙarfe ɗaya ya buga sai in rufe shago, in taka zuwa madafarta da ƙwaya biyu a tafin hannu da kofin ruwa. Tana tsakiyar zuba wa mutane abinci, ta karɓa ta haɗiye, ta ce, "Sannu, Mai Agogo, Allah ya bar min kai." Ni kuwa in dawo ina jin kaina kamar ni ne likitan. Wata huɗu ban saɓa da minti ɗaya ba.

Wata huɗun nan kuma matar nan tana ƙarewa a gabana. Ci take yi, amma kamar ana zubawa a kwando. Cikinta ya kumbura, ya yi ta ƙugi, sai ka ga ta ajiye ludayi ta ruga banɗaki, sau biyar sau shida a wuni. Ƙasusuwan wuyanta suka fito. Tukunyar da take saukewa ita kaɗai ta koma sai an kira mai wanke-wanke ta kama mata. Tsoro ya kama ni, irin wanda ba na iya faɗa mata. Ina zaune da agogon mutane a hannu, sai in ga 'yar ƙusar agogon ta ɓace min saboda idona ya cika da ruwa.

Da muka koma asibiti aka ɗora ta a sikeli, likita ya ɓata fuska. Ya tambaya ko tana shan maganin. Na yi caraf na ce, "Likita, ko agogon gidan rediyo bai kai ni ba." Ya ce kafin ya ƙara mata yawan ƙwayar, mu shiga ofis na biyu mu ga jami'ar da ke tsara wa marasa lafiya abinci.

Yarinya ce ƙarama, ba ta kai 'yarmu ta fari ba. Na ce a raina, manyan likitoci sun gaza, sai wannan? Ba ta ko dubi kwalbar ba. Ta ja kujera kusa da Uwargida ta ce, "Mama, ki ba ni labarin jiya. Daga tashinki, me ya fara shiga bakinki?"

"Maganin Baba," in ji Uwargida.

"Da me kika sha?"

"Da ruwa. Ni da safe abinci ba ya shiga."

"To yaushe kika fara ci?"

Uwargida ta yi dariya. "'Yata, mai girki tana ci ne? Ɗanɗanawa dai nake yi."

"Yaya ɗanɗanon yake?"

Nan fa aka buɗe. Ashe ɗanɗanon Uwargida rabin ludayin miya ne da tsokar nama, wajen ƙarfe tara. Goma da rabi, gutsuren soyayyen kifi, don a ji ko gishiri ya ji. Sha ɗaya, shinkafa cokali huɗu daga kowace tukunya. Ƙarfe ɗaya, lokacin da nake zuwa da ƙwayata ina taƙama, ba ta da sararin ko haɗiye yawu. Cin kirki sai ƙarfe huɗu, a tsaye, bayan masu ci sun watse. Bakwai na yamma kuwa shayi ne kawai, ba ko madara.

Jami'ar ta juyo wajena a hankali. "Baba, maganin nan da abincin Mama ba su taɓa haɗuwa ba."

Na harzuƙa. "Sau uku aka rubuta!"

"Tare da abinci, Baba. Wannan ba irin maganin hawan jini ba ne da zai shiga jiki ya yi ta aiki wuni guda. Shi a cikin hanji yake aiki, a kan lomar da ya tarar. In bai tarar da komai ba, wucewa yake yi abinsa."

Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta buɗe kwanson a kan farar takarda. Wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa suka gangaro, ba su kai ƙwayar gero ba. Hannuna ya tafi aljihu da kansa, na ciro gilashin da nake maƙalawa a ido in zan buɗe agogo. Na sunkuya.

Allahu Akbar! Na sha ganin ƙananan abubuwa a rayuwata, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Kowace ɗaya a mulmule take sumul, da 'yar rigarta mai sheƙi. Yarinyar tana ta bayani a saman kaina. Ta ce rigar nan ita ke kare su daga tsamin tumbi, ba ta narkewa sai sun isa hanji, a nan za su buɗe su faɗa wa abincin. Shi ya sa ba a taunawa, ba a dakawa, ba a haɗiya da shayi mai zafi. Ta ce mai lafiya jikinsa ne ke auna wannan da kansa: ya ci mai maiƙo, ya tsirto da yawa, ya ci kaɗan, ya tsirto kaɗan.

Shekara sittin ina cika cikina, ashe duk loma akwai mai aunawa a ciki, ba sikeli ba agogo, kuma bai taɓa kuskure ba, ni kuwa ko sannu ban taɓa ce masa ba. Na cire gilashin na zauna. Kunya da mamaki suka kama ni.

"Yanzu Mama ce za ta riƙa aunawa," in ji jami'ar. Ta aika aka kawo faranti uku daga kantin asibitin, ta jera a tebur. "Wanne ya fi mai?"

Uwargida ko kusa ba ta matsa ba. Ta nuna da haɓa. "Wannan cokali ɗaya ne, an yi rowa. Na tsakiya biyu da rabi. Wancan kuwa, wanda ya dafa shi ba ya tsoron Allah, huɗu ne har da ɗigo."

Jami'ar ta duba takardar da kantin ke rubuta ma'auninsu. Ta dubi Uwargida, ta sake duban takardar, ta dafe ƙirji. "Mama! Wata shida na yi ina koyon wannan a makaranta!"

"Ido ba mudu ba ne," in ji Uwargida, "amma ya san ƙima."

Tare da likita suka tsara mata. Faranti na yau da kullum, ƙwaya biyu da lomar farko. Mai maiƙo sosai, uku, biyu a farko ɗaya a tsakiya. Ɗan abin taɓawa, ɗaya. Ɗanɗano kuma ya koma lasar cokali, naman da kifin a tara su a kwano har ta zauna ta ci. Aka ce mu dawo bayan sati biyu a sake dubawa. A bakin ƙofa Uwargida ta miƙo min hannu. Na gane. Na ciro kwalbar daga aljihuna na ba ta, zuciyata na suya kamar an sallame ni daga aiki.

Ranar farko na je madafar ƙarfe huɗu, hannu rabbana. Ta zauna a kan benci, ta dubi farantinta na shinkafa da kifi, ta ce, "Wannan na ƙwaya uku ne." Ta haɗiye biyu da ruwan sanyi, ta fara ci. Ni dai ƙofar banɗaki nake kallo. Rabin awa ta wuce. Awa ta wuce. Matar nan tana zaune tana yi wa mai wanke-wanke faɗa a kan soso. Ban taɓa jin faɗa mai daɗi irin wannan ba.

Ba a dare ɗaya aka warke ba, akwai ranakun da ta kuskure ƙima cikin ya tuna mata. Amma sati biyu sikeli ya tsaya da sauka, wata biyu ya fara hawa. Kumatunta suka dawo.

Wata safiya na shiga madafar na same ta durƙushe tana hura gawayi, tana yage shafukan wani littafin makaranta tana cusawa a wuta. Na tsinci ɗaya da ya faɗi. Rubutunta ne, manya-manya kamar na ɗan aji ɗaya: shinkafa kofi ɗaya, ruwa kofi biyu, kada ka buɗe murfi sai minti ashirin. A ƙasa ta ƙara: ka riƙa ci da zafi, kada ka zauna da yunwa.

Matar da ba ta taɓa auna komai da kofi ba. Na dubi littafin, ya kusa cika.

"Uwargida, wa kika rubuta wa wannan?"

Ba ta ɗago ba. Ta zare takardar daga hannuna ta tura ƙarƙashin gawayin.

"Wani bawan Allah ne da bai iya dafa ko ƙwai ba," ta ce. "Matsa min, Mai Agogo, ka tare min iska. Ba inda za ni."