Sunan da ke Kan Takardar Kwantena

Babana, Alhaji Haladu, shekara arba'in yana saukar fataken goro a gidanmu na unguwar Sabo a Ibadan, bai taɓa tambayar baƙo katin shaida ba. In ka yi sallama ka ci tuwonsa, to ka zama nasa, zai tsaya maka a kasuwa. Mu dai tsiya muke masa, mu ce ko kura ta zo da ɗan buhu sai ya shimfiɗa mata tabarma.

Ran Talata da hantsi wani ejan mai fito da kaya ya kira Baba daga tashar jiragen ruwa ta Legas. An buɗe wata kwantena da aka rubuta tayoyin babur, sai ga katan-katan na ƙwaya. Ya ce jami'ai sun kamo hanyar Ibadan, suna neman mai karɓar kayan da ke rubuce a takardar lodin jirgi.

"Baba, wace kwantena kuma?" na tambaya.

"Ta Jatau ce, baƙon nan da ya sauka bara. Ya ce masu jirgi ba sa lodi sai da adireshin mazaunin gari. Na tsaya masa."

"Ɗan wane gari ne?"

Ashe Baba bai taɓa tambayarsa ba. Na buga lambar Jatau sau bakwai, a kashe.

Baba ya ɗauko kwafin takardar daga gwangwanin da yake ajiye turare. Na bi layukan Turancin da yatsa. A gurbin mai karɓar kaya an rubuta sunana, Mardiya Haladu, da lambar rajistar shagona na kasuwar Bodija.

"Sun ce sai mai rajista," in ji Baba a hankali. "Na ga ke ce mai boko. Zan gaya wa jami'an ni na ba da baki."

"Baba, ba ruwansu da baki!"

Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Ɗiyata Sakinat tana bayana a goye, wata biyar, tana barci abinta.

Bayan la'asar mota ta tsaya a ƙofar gida. Baba ya zura babbar riga ya tare zaure.

"Ni ne maigidan. Ni za ku tafi da shi."

Jami'in ya gaishe shi da ladabi, har da rusunawa. Sannan ya duba takardarsa, ya leƙa ta kan kafaɗar Baba.

"Wace ce Mardiya?"

Na fara kwance zanin goyo, na miƙa wa Innarmu yarinyar.