Hawayena Suna Wurin Ubale Mai Kifi

Jiya da dare, ina kwance gefen sabon firij ɗin da ɗana Sagiru ya aiko mini daga Fatakwal, na yi wani mafarki. Amma bari in fara gaya muku abin da ya haɗa tsoho irina da firij, kada ku ce Baba Korau ya fara ruɗewa.

Idanuna ne suka ƙafe. Na ƙarar da ƙuruciyata ina tuƙa tirela tsakanin Funtuwa da Ikko, ban taɓa sanin ido yana bushewa kamar rijiyar rani ba sai da na ajiye mota. In na ƙifta, kamar an watsa mini yashi. Ko albasa aka yanka a gabana, ita ce za ta ji kunya. Ba maganin ɗigawar da ban gwada ba, duk a banza. Daga ƙarshe likitar ido ta ce daga jinina za a haɗa mini magani. Na ce, "Likita, jini kuma? A ido?" Ta ce ƙwarai. Sukan ɗebi jinin a hannu, su sa a wani inji ya yi ta juya shi, har jan ya kwanta ƙasa, wani ruwa mai launin ɗorawa ya taso sama. Shi ake ɗurawa a 'yan kwalabe. Sharaɗinsa sanyi, in ya sha zafi ya lalace.

Ni kuwa ɗaki ɗaya gare ni, ni kaɗai tun rasuwar matata Laraba, wuta ma sai ta ga dama take zuwa. Shi ya sa na kai kwalaben shagon Ubale mai kifi a bakin layinmu, ya sa mini su cikin roba mai murfi a firizarsa, can gefen kifin ƙanƙara. Bahaɗeje ne, ni Bakatsine, kun ga ba a rasa tsiya tsakaninmu. Da yake ana ɗigawa sau da yawa a rana, hannuna kuma yana rawa, sai na koma wuni a bencinsa mai ƙafa uku, wanda aka tokare da bulo. Lokaci na yi zai wanke hannu ya ce, "Ɗaga kai, bawana, ga kukanka ya iso." Ya ɗiga, in zage shi, ya rama. Wallahi ba don shi ba, sai in wuni ban yi wa kowa magana ba, in ban da sallamar ƙarshen salla.

Sai jiya ga mota da firij mai aiki da hasken rana. Sagiru ya kira ya ce, "Baba, ka daina ɗora wa mutane nauyi. Yanzu ba ka buƙatar kowa." Ubale da kansa ya kawo robar, ya jera mini kwalaben a cikin firij ɗin, ya ce, "To, ka huta da zirga-zirga." Ya tafi. Na zauna ina kallon abin, fari ƙal, yana ta ƙugi, na rasa da wace hujja zan je shagon gobe. Raina ya ɓaci, ban kuma san wanda zan yi wa fushin ba. A haka barci ya sace ni.

Na tsinci kaina a bakin wani gari da rana tsaka, da kwalba ɗaya a tafin hannuna. Idanuna suna raɗaɗi. Abu ɗaya na sani, dole in samu Ubale ya ɗiga mini kafin kwalbar ta ɗumame.

A ƙofar garin an gitta itace irin na masu tare hanya. Wani kifi ne a wurin, tsaye a kan jelarsa, da hula a kansa, jikinsa duk ƙanƙara.

"Direba, me ka ɗauko?"

"Hawayena."

"Kai ka yi su?"

"Daga jinina aka tace."

Ya karɓi kwalbar ya shinshina. "Suna ƙarnin gida," ya ce. "Wuce." Ya ɗaga itacen, na shiga.

Gidajen garin duk firij ne, farare, a jere reras. Ba zaure, ba dakali, ba inda mutum zai zauna ya miƙe ƙafa. Na yi sallama a na farko, shiru. Na ja ƙofar, fitila ta kama, ga wani dattijo sa'ana zaune a kan kanta tsakanin tumatir da ƙwai, ya tanƙwashe ƙafa.

"Malam, don Allah ina shagon Ubale mai kifi?"

"Rufe mini ƙofa kada in lalace," ya ce. "Ɗana ne ya ajiye ni. Da salla zai zo ya duba ko ina nan da kyau."

"To, ya zaman?"

"Ba na buƙatar kowa."

Na rufe masa. Ina tafiya ina jin sa ta cikin ƙofar yana ta maimaitawa, kamar mai hadda.

Sai ga ni riƙe da sitiyarin tsohuwar tirelata, a cikin wani shataletale da ba shi da hanyar fita. Motoci suna ta zagayawa. A tsakiya wata zabuwa ce cikin farar rigar nas tana ba da hannu. Na leƙo na ce, "Baiwar Allah, ta ina ake fita? Sauri nake yi."

"A nan ake tace mutane," ta ce. "Yi ta juyawa, Baba, har mai nauyin ya kwanta."

Na sa giya na yi ta juyawa. Da na duba madubi sai na ga kayan da ke bayan motar suna rabuwa. Ashe rayuwata aka loda mini. Garuruwan da na je, tashoshin da na kwana, rigimar da na yi da kwastan, duk sun nutse ƙasa, jajir. A sama abu ɗaya ne ya taso yana lilo, benci mai ƙafa uku, da bulonsa.

"Haba!" na ce. "Duk yawon nan da na yi, iyakar abin da ya taso ke nan?"

"Gode wa Allah," in ji zabuwa. "Wasu ana juya su har magariba ba a samun komai."

Na sauko a wani fili. Samaniyar garin ta bushe, ta yi ja, har tsagewa take. Mata sun jingina tsani a jikinta, suna hawa ɗaya bayan ɗaya suna ɗiga mata ruwa da cokali. In an ɗiga sai ta ƙifta, gari ya yi duhu, ya sake wayewa. A kan tsani na ƙarshe na ga Laraba, da zanen nan nata mai zanen ganye, wanda har yau yana ƙasan akwatina.

"Malam," ta ce, ko mamaki ba ta yi ba. "Ka ci abinci?"

"Na ci."

"Ƙarya kake yi, ga wuyanka nan. Ranar da na tafi ba ka yi kuka ba, mata suka yi ta tsegumi a bayan ɗaki."

"Idon ne, Laraba. Wallahi idon ne."

"Na sani. Na gaya musu ma, ba su ji ni ba."

Na miƙa mata kwalbar. "To, ɗiga mini, kafin ta yi zafi."

Ta sunkuyo, ta miƙo hannu, amma duk yadda ta miƙo, tsanin sai ya ƙara tsawo. Ta haƙura. "Hannuna ba ya kaiwa yanzu," ta ce. "Je ka wurin mai rai, ka daina nauyin baki." Ta juya ta ci gaba da aikinta. Na so in yi kuka a wurin nan, Allah ya sani, amma kukan yana cikin kwalba.

Wani kwali ya tare ni a hanya, yana tafiya da ƙafa biyu, an naɗe shi da salatif. Muryar Sagiru ce ta fito daga ciki.

"Baba, ina wuni? Ya jiki?"

"Sagiru, fito in gan ka."

"Aiki ya yi yawa, Baba. Amma na aiko maka da hannu."

Kwalin ya buɗe, ga wani kwali a ciki, a cikinsa ma wani, can ƙasa sai ga hannun roba mai aiki da hasken rana. Ya ƙwace kwalbar, ya ɗaga mini haɓa da ladabi, ya ɗiga a kunnena.

"Ya yi, Baba?"

"Ya yi, Allah ya yi albarka," na ce. Me zan ce? Yaro ya kashe ƙarfinsa. Na karɓe kwalbata. Saura kaɗan a ciki, kuma ta fara ɗumi kamar ƙwan da kaza ta tashi a kai.

Ƙarnin kifi na bi har na iso shagon. Ga Ubale a tsaye yana goge wuƙa. Bencin kuwa an rataye shi a bango da ƙusa, ƙafafunsa a sama.

"Salamu alaikum, Bahaɗeje."

Ya dube ni kamar baƙo. "Me ka zo ajiyewa?"

"Ba komai."

"Me ka zo ɗauka?"

"Ba komai."

"To, a garin nan ba a zuwa wurin mutum haka kawai. Ai kana da firij."

Na buɗe baki in ce masa ba sanyin na zo nema ba, shi na zo gani, ɗakin nan ya yi mini faɗi. Maganar ta fito, amma ƙanƙara ce. Kowace kalma ta faɗo ƙasa ƙwal, ta gangara ƙarƙashin tebur. Ubale ya durƙusa ya tsince su a faranti, ya kai rana. "Bari su narke in ji me ka ce." Muka tsaya muna kallon faranti, ni da shi. Ranar garin ba ta da zafi ko kaɗan, a tafin hannuna kaɗai zafi yake.

Can dai wata ta ɗan narke a gefe. Ya kara kunne, ya daɗe yana saurare. Ya miƙe. Ya je ya wanke hannu, ya karɓi kwalbar ya ce, "Ɗaga kai." Na ɗaga. Ɗigon ya taru a bakin kwalbar, ya yi nauyi, ya tsaya. Na buɗe ido iya buɗewa ina jira. Ya ƙi faɗowa. Sai ya fara ƙugi, ƙugin yana ƙaruwa, har ya cika shagon.

Na farka. Firij ɗin ne yake ƙugi a gefen kaina, gari ya riga ya waye. Idanuna sun manne, da ƙyar na buɗe su. Na ɗauko kwalba na gwada ɗigawa da kaina, ya sauka a kunci, ya gangara cikin gemu. Na daɗe zaune a bakin gado. Sannan na tattara kwalaben cikin robar, na rufe, na laluba bayan firij na kashe makunnin. Ɗakin ya yi tsit.

Na tarar da Ubale yana buɗe shago. Bencin yana waje, an share shi, an gyara masa bulo.

"Lafiya, bawana, da sassafe haka?"

"Firij ɗin ne ya lalace," na ce. Allah ya yafe mini.

"Tun yanzu?"

"Ka san kayan zamani."

Ya dube ni, ya dubi robar da take ta raɓa don sanyi. Ya karɓa ya buɗe firizarsa. Gurbin nan na gefen kifi yana nan wayam, bai sa komai a ciki ba.

"Ni ma tun jiya na ga alamar ba zai yi ƙarko ba," ya ce, yana wanke hannu. "Zauna. Ɗaga kai."