Dakta Ya Raka Alkasim Intabiyu

Alkasim ya zo Kuala Lumpur karatun digiri na biyu a fannin lissafi, tare da matarsa Mero da 'yarsu Afnan. Jihar da ta turo shi ta cika alƙawari har ya kusa gamawa, sai aka canza gwamnati, sababbin suka ce ba su san da zamansa ba. Mai gidan da suke haya a Wangsa Maju ya yi haƙuri iya yinsa, daga baya ya sauya makulli. Haka suka koma wani gidan agaji a Chow Kit, bene a saman shagon busasshen kifi, inda wata ƙungiya take tsugunar da iyalan da suka rasa matsuguni. Labule ne ya raba ɗakinsu da na wasu 'yan Indunusiya.

Gidan yana da doka: duk mai son cin abincin rana ranar Talata sai ya zauna ajin neman aiki. Shi ya sa ajin ba ya rasa ɗalibai. Malamin ajin shi ne Dakta Sharfaddeen, Bakano, wanda ya yi digirin digirgir a kan yadda kamfanoni ke ɗaukar ma'aikata. Shi kansa dai babu kamfanin da ya taɓa ɗaukarsa. Yakan zo cikin baƙar kwat a zafin garin nan, yana sharce gumi yana koya wa mutane yadda ake musabaha da yadda ake murmushin da ba ya nuna yunwa. Akwai wata tsohuwa da aikin wanke-wanke kawai take nema, ya tsayar da ita a gaban aji ya ce ta faɗi inda take hango kanta a shekaru masu zuwa. Ta ce kabari. Ya ce amsar tana da gaskiya amma ba ta da armashi.

Mero ce ta samo labarin aikin. Wata ƙawarta Lailatu ta gaya mata cewa wani kamfani a Brickfields yana neman Bahaushe da zai riƙa amsa kiran masu ƙorafi daga Najeriya da Nijar, kuma su za su yi masa bizar aiki.

"Baban Afnan, ka tafi shiru abinka," in ji ta. "Hausa suke nema, kana da ita. Kada ka gaya wa mutumin nan."

"Haba Mero, aikinsa ke nan fa. Ilmin abin ya karanta."

Ya je ya gaya masa. Dakta ya cire tabarau, ya tambayi sunan kamfanin da hawa na nawa suke, da ko gidan zama yana cikin yarjejeniyar. Sannan ya dafa kafaɗarsa.

"Malam Alkasim, Allah ya taimake ka da ka zo wurina. Da ka je haka, da ka kunyata mu."

Aka shiga horo. Dakta ya hana shi cewa ban sani ba, ya hana shi cewa in sha Allahu, wai tana nuna shakka. Koyarwar da Alkasim ya yi a sakandaren Gwarzo ta koma "jagorancin sauya tunanin matasa". Ya rubuta masa dogayen amsoshi da Turanci ya ce ya haddace. Alkasim ya dinga zagaya ɗaki yana maimaitawa, har Afnan ta riga shi haddacewa, tana karanta wa 'yartsanarta.

Ranar intabiyu sai ga Dakta a ƙofar gida da sabon aski, yana ƙamshin turare. Ya ce rakiya zai yi, don ƙarfafa gwiwa. Mero ta dubi takalminsa da ke sheƙi, ta dubi na mijinta, ta koma ciki.

A ofishin, wata 'yar Sin mai fara'a ce ta karɓi Alkasim, a gefenta akwai wata Bahaushiya ma'aikaciyarsu mai suna Walida. Walida ta ce, "Malam, ka ɗauka ni tsohuwa ce daga Maraɗi, wayata ta ƙi aiki, na kira ina faɗa. Lallashe ni."

Abu ne da Alkasim ya saba yi da gwaggonsa duk mako. Amma ya buɗe baki sai haddar ta fito. Ya gaya wa tsohuwar Maraɗi, da Turanci, cewa shi mutum ne mai hangen nesa wanda ke mayar da ƙalubale dama. Ya yi murmushin da aka koya masa. Ya miƙa hannu zai yi musabaha da Walida, ya tuna, ya janye, hannun ya tsaya a iska. Matan biyu suka dubi juna, suka yi masa godiya.

Da ya fito ya gaya wa Dakta yadda aka yi. Dakta ya girgiza kai.

"Zauna nan. Bari in shiga in sa baki."

Ya daɗe a ciki. Alkasim yana zaune a baranda yana jin dariya na tashi, har ya jiyo muryar Dakta yana cewa, "Haba Iya, yi haƙuri mana, kashe ta ki kunna." Da Hausa tsantsa, babu hangen nesa ko kaɗan. Alkasim ya ce a ransa misali yake ba su. Da Dakta ya fito ya ja shi shagon mamak, irin na masu shayin garin, ya saya masa shayi da gurasar da suke kira roti, ya ce ya gyara abin da za a iya gyarawa, saura addu'a.

Addu'ar ta karɓu, sai dai ba a kan wanda ya yi ta ba. Wata Talata suka shigo aji suka tarar an jera kujeru an kawo kek, masu ba ƙungiyar tallafi sun zo da mai ɗaukar hoto. Puan Rohana, shugabar gidan, ta tashi tana murna ta sanar cewa shirin neman aiki ya samu nasararsa ta farko: an ɗauki mutum a wani kamfani a Brickfields, da biza da komai. Aka tafa. Dakta ya miƙe ya rusuna.

Mero ta bari sai da aka fara rabon kek, sannan ta tare shi a bakin ƙofa.

"Dakta, barka da arziki. Ashe ajin yana aiki."

"Maman Afnan, ki fahimce ni. Na shiga ne in buɗe wa 'yan'uwa ƙofa. In na zauna da gindina, Malam ne na farko da zan jawo."

"Ai ka riga ka jawo shi. Har Brickfields ka jawo shi, ya nuna maka hanya."

"Rabo ne fa."

"Rabo ne. Amma rabon da aka yi wa sabon aski tun daga gida."

Dakta ya duba agogo ya ce jirgin ƙasa zai wuce shi. Ya sa aka yi masa tapau na kek, wato aka ƙunshe masa, ya sauka.

Alkasim yana zaune da faranti a cinya. Abin da ya fi ci masa rai ba aikin ba ne, shayin nan ne da ya sha har ya yi godiya. Yana nan sai Puan Rohana ta zo ta zauna kusa da shi. Ta ce yanzu ajin ba shi da malami, kuma Dakta ya ba da shaidar cewa babu ɗalibin da ya kai shi ƙwazo. Albashi babu, amma akwai abincin rana da kuɗin jirgi.

"Boleh?" in ji ta, wato zai iya?

Ya waiwaya ya dubi Mero. Ta ɗaga kafaɗa.

"Karɓi mana, Baban Afnan. Kujerar tana da albarka, ka gani da idonka. Ka dai buɗe kunne, wata rana wani zai zo maka da labarin aiki."

"Subhanallahi, Mero. Ni zan yi haka?"

"A'a, kai ba za ka yi ba," in ji ta, tana goge wa Afnan baki. "Shi ya sa zan ce wa Puan ta canza mana labule. Wannan ya yage, kuma da alama za mu daɗe."

Alkasim ya ce wa Puan Rohana boleh. Mai hoto ya ce su matso kusa su yi murmushi.